Wasiƙa Daga Washington: Wai Na Zubar Da Mutuncin Gida Don Na Hau Keke



'Yan uwa da abokan arziki, na gida da na waje, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan wasiƙa za ta same ku lafiya kamar yadda muke a nan. Ina gaida Inna, ina gaida Yaya Babba da iyalinsa, ina gaida su Gwaggo na Tudun Wada da duk yaran gida. A yi mini afuwa kan jimawar da na yi ban rubuto ba. Yau dai na zauna, kuma wasiƙar tana da ɗan tsawo, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kun tuna hoton da na turo a watan Oktoban 2024, wanda nake tsaye kusa da keke, an ɗaure masa jakunkuna gaba da baya, taɓo har gwiwata? Ni dai don nishaɗi na turo shi. Kafin gari ya waye a nan, labari ya zaga dangi cewa an kore ni daga aiki, an ƙwace mota, an kore ni daga gida, shi ya sa na ɗaure komatsaina a keke na shiga daji. An ce Inna ta kasa cin tuwon dare. Shi kuwa Yaya da ya kira ni, bayan ya tabbatar aikina na nan, motata na nan, sai ya ce, "To in haka ne me ya yi zafi? Mutum da girmansa, da furfurarsa, a ce yana Amurka yana tuƙa keke kamar ɗan aike? Ka san irin maganar da ake yi mana a majalisa?"

Yaya, ban ba ka amsa a waya ba, domin ƙane ba ya jayayya da wansa baki da baki. Amma alƙalami ba ya ɗaga murya, don haka ga amsata, cikin ladabi. Ra'ayina shi ne mun yi kuskure da muka mayar da keke alamar talauci, kuma tafiyar nan da na yi ta nuna mini girman abin da muka yi asara saboda wannan kuskuren.

Bari in fara faɗa muku inda na je, don a daina cewa daji na shiga.

A cikin birnin Washington akwai wata tsohuwar unguwa mai suna Georgetown, a bakin kogin Potomac. Kogin nan yana gangarawa ne zuwa mashigin Chesapeake, daga can ya faɗa Tekun Atlantika, kuma cikar teku da janyewarta suna isowa har gindin unguwar. Wato wanda ya tsaya a wurin, a tsayin teku yake tsaye. Daga nan aka haƙa wata hanyar ruwa, irin kanal ɗin nan na Kadawa amma ta jiragen kaya, ta bi gefen kogin har garin Cumberland da ke gindin duwatsu a yammacin jihar Maryland. Sunanta C&O, tsawonta mil 184 da rabi, kusan kilomita 297. Shugaban ƙasa John Quincy Adams ne ya sari ƙasar farko ranar 4 ga Yuli, 1828, aikin bai kai Cumberland ba sai 1850. Jiragen ba su da inji, alfadarai ne ke jan su da igiya suna tafe a gefen ruwa, akasari kwal suke saukowa da shi daga duwatsu. Turbar alfadaran nan ita ce yanzu ta zama hanyar masu keke da masu tafiya a ƙasa. Babu mota, babu babur.

Mu biyu muka tafi, ni da wani abokina ɗan zangon Kumasi, direban tasi ne a nan, Hausarsa irin ta Gana mai daɗin ji. Guzurinmu dabino, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari, dambun nama da maiɗakinsa ta yi mana, sai tanti, bargo, buta, dadduma, famfon iska da kayan faci. Muna yin mil arba'in da wani abu zuwa hamsin a yini. A kan hanyar, kowane 'yan mila akwai fili da hukuma ta ware don kwanan matafiya kyauta, da teburi da makewayi da famfon burtsatse na hannu. Daren farko da muka kafa tanti, abokina ya dubi wurin ya yi dariya ya ce, "Malam, ai wannan zango ne. Haka kakannina suka yi ta yi daga Kano har suka tsinci kansu a Gwanja." Wannan magana tasa ta zauna mini a rai har ƙarshen tafiyar, kuma zan dawo kanta.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda ƙasa ke hawa ba ka sani ba. Tsakanin Georgetown da Cumberland akwai bambancin tsayi na ƙafa 605, kuma jirgin ruwa ba ya hawa tudu. Sai suka gina ƙofofin ruwa guda 74. Jirgi ya shiga wani ɗaki na dutse, a rufe ƙofar baya, a sako ruwa daga gaba har ya ɗaga shi kamar ƙafa takwas, sannan a buɗe ƙofar gaba ya wuce. Kowace ƙofa mataki ɗaya ce ta tsani. A mota, wannan tafiyar awa biyu da 'yan mintuna ce, kuma wallahi na sha yin ta ban taɓa sanin akwai tsanin ba. A keke kuwa, duk ƙofar da ka wuce sai cinyarka ta shaida maka ka ƙara mataki.

A wajen mil 60 muka jingine kekuna muka haye gada zuwa Harpers Ferry, inda kogin Shenandoah ke haɗuwa da Potomac. A nan ne a 1859 wani Bature mai suna John Brown ya kai hari ma'ajiyar makaman gwamnati da niyyar tayar da bayi su ƙwaci 'yancinsu, aka kama shi aka rataye. Gaba kaɗan akwai Antietam, inda a rana ɗaya ta watan Satumban 1862, a yaƙin basasarsu, aka kashe ko aka raunata ko aka rasa mutum sama da dubu ashirin da biyu. Yanzu gonaki ne shiru, sai masara da shanu. Ita kanta hanyar ruwan, 'yan ci-rani daga Ailan da Jamus ne suka haƙa ta da diga da shebur, tare da bayi baƙar fata, kuma kwalara ta yi musu ɓarna a 1832. Ni ɗan ci-rani ne, don haka da nake taka wannan turba ban ji kaina baƙo ba.

Wurin da ya fi tsorata ni shi ne ramin Paw Paw, wajen mil 155. Kogin yana ta lanƙwasa a wurin kamar maciji, sai injiniyoyi suka ce gara su huda dutsen su wuce. Sun yi zaton aikin shekara biyu ne, ya ci musu goma sha huɗu. Tsawonsa ƙafa 3,118, an jera masa tubali kusan miliyan shida, kuma babu fitila ko ɗaya a ciki. Ka sauka ka tura keke a kan 'yar siririyar turba, ruwa na ɗiga a kanka, kanal na gefenka, can gaba kana hango haske kamar ƙwayar gero. Duk addu'ar da Inna ta koya mini sai da na karanta ta.

Ga kuma abin dariya da ban tausayi. A ranar da aka fara haƙa hanyar ruwan, a ranar aka aza harsashin layin dogo a Baltimore, su ma yamma suka nufa. Jirgin ƙasa ya isa Cumberland a 1842, shekara takwas kafin kanal. Wato tun kafin a gama ta, zamani ya riga ya wuce ta. Ta dai lallaɓa har 1924, ambaliya ta lalata ta, aka watsar.

To a nan ne darasin farko yake. Bayan yaƙin duniya na biyu aka kawo shawarar a shimfiɗa titin mota a kan turbar, kuma jaridar Washington Post ta goyi baya. Sai wani alƙalin Kotun Ƙoli, William O. Douglas, ya rubuta musu wasiƙa ya ce editocin su zo su taka hanyar da ƙafa tare da shi, sannan su sake magana. A watan Maris na 1954 suka tashi daga wajen Cumberland, kwana takwas suna tafiya har Washington. Mutum tara ne kawai suka kai ƙarshe da ƙafarsu, har da alƙalin, amma jaridar ta sauya ra'ayi. A 1971 aka yi dokar da ta mayar da wurin gandun tarihi na ƙasa. Yaya, alƙalin Kotun Ƙoli fa, da taɓo a takalminsa. Ba a ce ya zubar da mutunci ba. Yau akwai gunkin kansa a Georgetown a bakin kanal ɗin, kuma da sunansa aka keɓe gandun.

Daga Cumberland labari ya sauya. Turbar alfadarai ta ƙare, sai aka shiga wata hanya mai suna Great Allegheny Passage, wadda aka yi a kan tsofaffin layukan dogo da aka cire ƙarafunansu. Mil 150 ce zuwa birnin Pittsburgh, an kammala haɗa ta a 2013. Mil ashirin da uku da wani abu na farko hawa ne zalla, babu sassauci. Hawan ba mai tsini ba ne, tun da jirgin ƙasa aka yi wa shi, amma ba ya ƙarewa. Ka yi awa ɗaya kana taka feda, ka ɗaga kai, tudu na nan. Ka ƙara awa ɗaya, yana nan. A wajen Frostburg na sauka na zauna a kan dutse na ce wa abokina ni fa na gama, a nemo mota. Ya miƙo mini dabino uku ya ce, "Ci. Madugu ba ya barin mutum a hanya." Muka ci gaba a hankali, keke na tafiya kamar ta mai tallan kalanzir.

Muka tsallaka layin Mason da Dixon, iyakar Maryland da Pennsylvania, wanda a da ake ɗauka a matsayin iyaka tsakanin jihohin bauta da jihohin 'yanci. Bawan da ya gudo, wannan layin yake nema. Muka ratsa wani ramin dutse, Big Savage, ƙafa 3,294, shi kam akwai fitilu. Jim kaɗan sai ga mu a ƙololuwa, ƙafa 2,392 sama da teku, kimanin mita 729. Wurin ana kiransa marabar ruwa ta gabas. Ruwan saman da ya zuba a gefen da muka fito, Potomac zai bi ya koma Atlantika. Wanda ya zuba taku kaɗan gaba, sai ya bi kogin Ohio, ya shiga Mississippi, ya ƙare a mashigin tekun Meksiko. Na tsiyaye sauran ruwan butata a wurin, rabi nan rabi can. Daga nan gangara ce har Pittsburgh, muka isa a kwana na takwas, muka saka kekuna a jirgin ƙasa muka dawo gida.

Kada in cika baki, duwatsun nan ba su kai Jos tsayi ba, domin Jos ta kai wajen mita 1,200. Manyan suna can yamma. A wani zango mun kwana kusa da wata dattijuwa, ta ce ta ba sittin baya, ita kaɗai da kekenta. Daga gaɓar teku a jihar Delaware ta taso, bayan ta tsoma tayar baya a ruwan gishiri kamar yadda masu wannan tafiya ke yi, kuma so take a hankali, kashi-kashi, ta kai duwatsun Colorado. Ita ta ba mu labarin hanyar TransAmerica, wadda aka buɗe a 1976 lokacin bikin cikar ƙasar shekara 200, daga Yorktown a gaɓar Virginia zuwa Astoria a gaɓar Oregon, mil dubu huɗu da ɗari biyu da wani abu. Mafi tsayin wurinta shi ne Hoosier Pass a Colorado, sama da ƙafa 11,500, inda iska ke yin ƙaranci har numfashi ya riƙa yi wa mutum wuya. Ina sauraronta ina tuna yadda na nemi a kira mini mota a Frostburg. Kunya ta ishe ni.

To yanzu ga hujjojina.

Na farko, Yaya, da me Baba ya ciyar da mu? Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna makoma. Ba da Rali ɗinsa ba ne? Ka fi ni tunawa, tun da kai kake riƙe masa keken yana ɗaure bandir ɗin yadi a kariya. Kasuwar Giwa, kasuwar Makarfi, kasuwar Soba, ya fita bayan asuba ya dawo bayan magariba. Ranar Juma'a mu wanke keken, mu goge ƙafafun da toka har su yi ƙyalli, mu yi faɗa kan wanda zai buga ƙararrawa. A zamanin, saurayin da ke da keke da agogo da rediyo ba a hana shi mata. Har masana'antar haɗa Rali aka yi a Kano. Sai kuɗin fetur suka zo, babura suka cika gari, aka fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975, keke ya gangaro ya zama na mai gadi da ɗan aike. Keken bai sauya ba, idonmu ne ya sauya. Idan hawan keke zubar da mutunci ne, to da abin kunya aka biya mana kuɗin makaranta, kuma na san ba za ka taɓa yarda da wannan ba.

Na biyu, lafiya. Ban faɗa wa Inna ba a lokacin don kada hankalinta ya tashi, amma a 2022 likita ya ce sukarina ya kai bakin iyaka, jinina kuma ya hau. Rayuwar nan ita ce daga ɗaki zuwa mota, daga mota zuwa kujera, daga kujera zuwa mota. Ya ce ko in motsa jiki ko in fara shan magani. Na fara da wata hanyar keke mai mil 18 da ke bin kogi zuwa Mount Vernon, gidan George Washington. Ran farko ko rabi ban kai ba. Yanzu alhamdu lillahi likitan ya daina ɗaure mini fuska. Ku duba danginmu, ku ƙirga mutum nawa ke fama da ciwon sukari da hawan jini, sannan ku tuna yadda muke hawa babur don zuwa masallacin da ke bayan layi. Mun mayar da rashin motsi alamar samu. Mai kuɗi ba ya tafiya, ba ya gumi, ba ya ɗaukar ko jakarsa. Wannan girman, asibiti yake kai mutum.

Na uku shi ne maganar zango da abokina ya yi. Mu fa jikokin matafiya ne. Fatake sun yi ta tashi daga Kano da Katsina da jakuna, su yi watanni kafin su kai Salaga su sayo goro, madugu a gaba, ana sauka zango-zango. Unguwannin Hausawa da ke Gana har yau zango ake kiransu saboda wannan. Alhazan da kuwa da ƙafa suka bi ta Barno da Chadi da Sudan, wasu shekaru suka yi kafin su ga Ka'aba. Waɗannan mutane sun san ƙasa. Sun san inda rijiya take, sun san wane gari ke karɓar baƙo, sun san harsuna. Mu kuwa mun iya sauka a Jidda cikin awa biyar, amma ɗan Zariya bai san ƙauyukan da ke tsakaninsa da Kaduna ba sai ta gilashi. Hausawa suka ce tafiya mabuɗin ilimi, amma tafiyar da suke nufi ita ce wadda ake tsayawa a sha ruwa a gaisa. Keke ya dawo mini da wannan. Yana da saurin da zai kai ka nesa, yana da jinkirin da za ka ji ƙamshin gona, ka amsa sallama.

Kuma gaisuwar na same ta. Ba zan ɓoye muku ba, na tafi da tsoro. Baƙaƙe biyu, Musulmi, cikin ƙananan garuruwan da kusan kowa fari ne, kuma a wasu gidajen mun ga tutar 'yan tawayen Kudu a rataye. Akwai kantin da muka shiga aka bi mu da kallon da bai yi mana daɗi ba, muka sayi burodi muka fita. Amma a wani gari sarƙar kekena ta tsinke, wani tsoho ya fito daga garejinsa ya gyara mini, ya ƙi karɓar ko sisi. Wata rana muna sallar la'asar a gefen hanya, ƙasaru muke yi tun da tafiyar ta wuce mil 48 da malamanmu suka ƙayyade, wasu masu keke suka tsaya nesa suka jira har muka sallame don kada su gifta ta gabanmu. Na shekara da shekaru a ƙasar nan, amma a kwana takwas ɗin nan na fi sanin mutanenta, nagarinsu da akasin haka. Mai mota ba ya buƙatar kowa, don haka ba ya sanin kowa.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba duka ne zan musa ba.

Za a ce wannan wasan ƙoshi ne, wanda ya ci ya ƙoshi shi ke neman wahala da kuɗinsa. Akwai gaskiya a ciki. Mai kai itace kasuwa a keke ba yawon buɗe ido yake ba, kuma in ka ba shi babur zai yi maka addu'a. Ban ce talauci abin sha'awa ba ne. Abin da na ce shi ne kada mu ƙara masa da raini. Kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023, kun faɗa mini da bakinku cewa ma'aikata da yawa sun jingine motoci da babura. Mutumin da albashinsa ba ya isar kuɗin mai, amma kunya ta hana shi hawa keke zuwa ofis, wa ya cuce shi in ba mu masu dariya ba?

Za a ce hanyoyinmu ba na keke ba ne. Wannan kam gaskiya ce tsantsa. Kun tuna Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, wanda ya yi ta kiran a koma keke? A 2001 yana tafe a kekensa a Abuja wata bas ta ture shi cikin kwalbati, ƙasa ta yi ta dariya. Ni ma na yi dariya a lokacin. Yanzu da na duba, mutumin yana da gaskiya, kuskurensa shi ne ya kira mutane su hau keke kafin a yi musu inda za su bi. Ni kaina ba zan hau keke a kan titin Zariya zuwa Kano tsakanin tireloli ba, kuma ba zan so ɗan kowa ya hau ba.

Za a ce tsaro. A nan ba ni da ta cewa sai addu'a. Ba zan ba kowa shawarar ya ɗaure tanti ya kwana a dajin da masu garkuwa da mutane ke yawo ba. Abin da ya fi yi mini ciwo a ƙololuwar dutsen nan ke nan. Na tsaya ina tunanin a ce mutum ya tsoma taya a teku a Legas, ya haye Kwara a Jebba, ya bi ta Kaduna ya hau Jos, ko ya miƙe har tsaunin Mambila inda ake noman shayi. Tafiyar da ta fi wadda na yi tsawo da tsayi da kyau. A ƙasar mutane na yi kwana takwas ina barci a daji da zif ɗin tanti kawai tsakanina da duniya, a ƙasata ba zan iya ba. Duk da haka akwai masu ƙarfin hali. A 2023 wani matashi ɗan Gini, Mamadou Safayou Barry, ya hau keke ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Binin da Nijar har Chadi, don neman karatu a Azhar. An tsare shi a hanya ba sau ɗaya ba, daga Chadi aka tara masa kuɗin jirgi, Azhar kuma ta ba shi gurbi. Jinin fatake bai ƙare a yankinmu ba.

Kuma muna da abin da za mu fara da shi ranar da Allah ya kawo zaman lafiya. Dattawan Zariya sun san akwai wani ƙaramin layin dogo da Turawa suka shimfiɗa daga Zariya zuwa Jos da Bukuru don kwaso kuza, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama, aka kammala shi a 1914, aka rufe shi a 1957. Mil 143 ne, kusan tsawon hanyar da na bi daga Cumberland zuwa Pittsburgh, kuma shi ma daga fili yake hawa dutse. Su nasu tsohon layin sun mayar da shi hanyar da ke ciyar da ƙananan garuruwa, domin mai keke dole ya ci, ya sha, ya kwana, ya yi faci. Garuruwan da rufe ma'adinan kwal ya kassara, na ga masaukai da shagunan shayi a cikinsu saboda matafiya. Ku yi tunanin mai shayi da mai ƙosai da mai faci a Dutsen Wai. Mafarki ne, na sani. Amma turbar alfadarai ma shekara talatin ta yi a yashe kafin wani ya ce a zo a taka ta.

Ba na roƙon kowa ya yi mil ɗari uku. Abubuwa uku kawai nake roƙo. Yaron da ya hau keke zuwa makaranta ko wurin aiki, a daina yi masa dariya. Kuɗin da na turo na yara, a cire a saya wa 'yan biyun Yaya keke ɗai-ɗai, su daina jiran a-daidaita-sahu kullum suna makara. Na ukun kuma naka ne, Yaya. Keken Baba yana nan a ɗakin zaure, bayan buhunan, na gan shi zuwana na ƙarshe, tayoyin sun ruɓe amma ƙarfen garau yake. Don Allah kada a ba 'yan gwangwan. A kai wa mai gyara ya sa masa taya da sarƙa da burki, ni zan biya. In Allah ya kai mu babbar sallah ina tafe. Zan hau shi daga ƙofar gida zuwa Shika in dawo, da rana tsaka, ta gaban majalisarku. In ka ga dama ka ari wani ka raka ni, in kuma ba ka ga dama ba, ka tsaya a zaure ka buga mini ƙararrawa kamar da.

Inna, ki kwantar da hankalinki. Aikina na nan, motata na nan a ƙofar gida tana shan ƙura, kuma ina cin abinci. Maganar Colorado da za ki ji a bakin yara, tukuna dai, sai na nemi izininki.

A gaida kowa da kowa, a shafa mini kan yara. Wanda maganata ta ɓata wa rai ya yafe mini. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya bar zumunci.

Wassalam.

Naku,
ɗan'uwanku na Washington